Labarin Ɗegel, Ƙauyen Shehu, da Abin Lura da ke Cikinsa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata bisa Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Amma bayan haka, ku sani ya ku almajirai, Allah shi yi muku albarka, na ga da yawa cikinku sun fara raina ƙauyukan da anka haife su, suna cewa karatu sai birni. Na kuma ga waɗansu suna tafiya ziyara su komo da ƙasa ƙulle ga bakin rawani, alhali ba su komo da harafi ɗaya ba. Domin waɗannan biyu na ɗauki alƙalami, ga tsufa ga raunin ido, in rubuta muku labarin ƙauye guda, shi ne Ɗegel.

Fasali na farko, cikin ambaton wurinsa. Ɗegel shina arewa da birnin Sakkwato, ƙetaren gulbin Rima, kusa da Cimola, cikin ƙasar Gwadabawa. A zamanin da muke zance shina ƙarƙashin sarautar Gobir, Sarkin Gobir kuwa shina zamne a Alƙalawa, can wajen gabas. Ƙasar wurin jigawa ce, ana noma gero da dawa da wake, makiyaya suna ratsa ta da bisashensu. Ba a san Ɗegel da gidan sarauta ba, ba a san shi da kasuwar da fatake ke nufa ba. Mazaunin malamai ne Toronkawa da iyalansu.

Fasali na biyu, cikin ambaton yadda ya cika. An haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Maratta shekara 1168 ta Hijira, daidai da 1754. Shina yaro mahaifinsa Muhammadu Fodiyo ya taso da iyalinsa ya zamna Ɗegel, nan kuma kabarinsa yake. Da Shehu ya kai shekara ashirin, cikin 1188, wato 1774, ya fara kiran mutane ga addini. Shi kan fita yawon wa'azi zuwa Kabi, ya kuma zamna Zamfara kamar shekara biyar, sa'an nan ya komo gida.

A wajen 1788, ranar babbar salla a Magami, Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malaman ƙasarsa, ya yi musu kyauta mai yawa. Shehu ya ƙi karɓar dukiya, ya roƙi abu biyar a madadinta: a bar shi shi yi kira zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama mai rawani, a saki waɗanda ke kurkuku, kada a nauyaya wa talakawa haraji. Sarki ya yarda. Daga nan hanyar Ɗegel ta buɗe, mutane sunka riƙa zuwa ƙungiya ƙungiya, wani shi zo da allonsa shi koma bayan shekara, wani shi zo da matarsa da ɗiyansa shi kafa bukka.

Fasali na uku, cikin ambaton mutanensa. Akwai Fulani malamai, dangin Shehu, kamar ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello. Akwai amininsa tun ƙuruciya, Umaru Alkammu. Akwai Hausawa manoma da masu sana'a, akwai Fulanin daji, akwai Buzaye daga wajen Azbin. Domin haka Shehu shina wa'azi da Fillanci da Hausa, shina rubuta littattafai da Larabci, shina tsara waƙoƙin addini domin wanda bai iya karatu ba shi hardace. Kowane daren Juma'a shina fita shi yi wa'azi ga jama'a duka. Mata suna da rabonsu na karatu, har waɗansu malamai sunka zarge shi a kan halartarsu wurin wa'azi, bai kuwa fasa ba. Cikin wannan gida anka haifi Nana Asma'u a 1793, cikin shekarar nan kuma ya gama littafinsa Ihya'us Sunna. An ruwaito cewa da hannunsa yake tufka igiya a sayar, da kuɗinta yake ci. Waziri Giɗaɗo ɗan Laima ya tara sunayen jama'ar Shehu cikin Raudul Jinan, mai so shi duba can.

Fasali na huɗu, cikin ambaton yadda ya watse. Da jama'a ta yawaita sai sarakunan Gobir sunka tsorata. Sarki Nafata ya sa anka yi shela a kasuwa: kada kowa shi yi wa'azi sai Shehu kaɗai, wanda bai gaji Musulunci ga ubansa ba shi koma ga abin da ya gada, maza su bar rawani, mata su bar lulluɓi. Saboda wannan tsanani wani almajirin Shehu, Malam Abdussalami, ya ƙaura da mutanensa zuwa Gimbana. Da Yunfa ɗan Nafata ya ci sarauta, mayaƙan Gobir sunka faɗa wa Gimbana, sunka kamo mutane, sunka biyo da su ta gefen Ɗegel a ɗaure. Jama'a ba su iya haƙuri ba, sunka fita sunka kwance su. Yunfa ya aiko Shehu shi fita daga Ɗegel da iyalinsa kaɗai, shi bar jama'a. Shehu ya ƙi rabuwa da su.

Cikin watan Zulƙida 1218, wato Fabrairu 1804, sunka yi hijira zuwa Gudu, kamar mil 30 arewa maso yamma. Aliyu Jeɗo da Agali Ba'azbine sunka taimaka da abin hawa, anka ɗora littattafai bisa raƙumi. Ƙauyen da ya yi shekaru shina cika ya zama kango cikin 'yan kwanaki. Bayan wata huɗu anka yi yaƙin Tafkin Kwatto, Alƙalawa ta faɗi a 1808.

To, ga abin da nake so ku riƙe. Bayan nasara Shehu bai koma zamna Ɗegel ba, ko da yake kabarin ubansa na nan. Ya zamna Gwandu, ya zamna Sifawa, ya ƙare a Sakkwato, nan ya rasu 1232, wato 1817. Da albarkar tana cikin turɓayar wurin, da ya koma mata. Daga baya Sarkin Musulmi Ahmadu Atiku ya yi ribaɗi a Cimola, ɗansa Maiturare ya kafa Gwadabawa, ƙasar ta sake cika da mutane, Ɗegel kuwa ya tsaya ƙauyen manoma da makiyaya wanda masu ziyara ke nufa.

Ina saurayi na je can tare da malamina, Allah shi jiƙansa. Na duƙa zan ɗibi ƙasa, ya riƙe hannuna, ya ce mini: "Su da sunka tashi daga nan, me sunka ɗora wa raƙumi?" Na ce littattafai. Ya ce: "To, ɗebi abin da sunka ɗiba." Hal yau ban manta ba.

Saboda haka wanda Allah ya ajiye shi a ƙauye cikinku, kada shi raina wurinsa. Shi shimfiɗa buzunsa, shi karantar da yara da mata da manya, shi ci daga sana'ar hannunsa. Wanda kuma ya je ziyara shi yi addu'a ga mamata, shi komo ga allonsa.

Allah shi gafarta wa mai rubutu da mai kwafa da mai karantawa. Wanda ya ga kuskure shi gyara. Tamat, da godiyar Allah da kyakkyawan taimakonsa.