Zumuntar Mata: Yadda Tsarin Metodis Ya Samu Suna na Hausa

A kusan kowace majami'a ta Arewacin Nijeriya, daga Sabon Garin Kano zuwa garuruwan tasha na ƙasar Haɗeja da layin dogon Nguru ya ratsa, akwai rukunin mata masu zane da ɗankwali iri ɗaya, waɗanda ke zama gefe guda ranar Lahadi da tulunan kiɗa a gabansu. Sunansu ɗaya ne a ko'ina: Zumuntar Mata. Akasarinsu ba Hausawa ba ne, amma da Hausa suke waƙa, da ita suke addu'a, da ita kuma suke gudanar da taronsu. Tarihin cocin Metodis ya fi na saura nuna inda wannan tsari ya samo asali, domin a cikinsa ne ake ganin saiwoyinsa biyu a fili.

Saiwa ta farko a Ingila take. A 1742, a birnin Bristol, mabiyan John Wesley suka kasa kansu rukuni-rukuni na kimanin mutum goma sha biyu, kowa yana ba da kwabo ɗaya a mako don biyan bashin ɗakin taronsu. Ba a jima ba mai karɓar kwabon ya zama mai bin halin da kowane mamba yake ciki: wa ke kwance, wa ya daina zuwa, gidan wa ake rigima. Mata da yawa suka shugabanci waɗannan rukunoni, har Wesley ya amince wa Sarah Crosby da Mary Bosanquet su yi wa'azi. Bayan rasuwarsa a 1791 aka ja ƙofar. Babban taron cocin na 1803 ya taƙaita wa'azin mata ƙwarai. Sai suka mai da ƙarfinsu inda ba a hana su ba, wato tara kuɗi da ziyara da aika 'yan mishan. A 1869 mata takwas suka haɗu a Boston ta Amurka suka kafa ƙungiyar mishan ta matan Metodis, wadda a shekarar ta tura malama Isabella Thoburn da likita Clara Swain zuwa Indiya da kuɗin da mata suka tara.

Metodis ta shigo Nijeriya ta Badagry a 1842 tare da Thomas Birch Freeman, amma wannan reshe ya iso Arewa ne a hannun akawuna da ma'aikatan jirgin ƙasa, ya kuma tsaya galibi a unguwannin baƙi, tunda Turawan mulki sun taƙaita aikin mishan a cikin masarautu. Reshen da ya yi jijiya a ƙasa daban ne. C. W. Guinter, ɗan wata ɗarikar Amurka da aka gina kan tsarin Wesley, ya zo ƙarƙashin mishan ɗin SUM a 1906, ya yi aiki a Wukari, sannan a 1923 ya buɗe tasha a Bambur cikin ƙasar Muri, Jihar Taraba ta yau. Ɗarikarsa ta haɗe da wata a 1946, ta sake haɗewa da Metodis a 1968. Ta haka Kiristocin Muri suka wayi gari Metodis, bisa yarjejeniyar da aka ƙulla a Amurka.

A nan Hausa ta shigo. Ƙasar Muri tana da harsuna da yawa, matar Wurkun ba ta jin Mumuye, ta Mumuye ba ta jin Jenjo. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, kuma lokacin da cocin yankin suka haɗu a 1955 sunan Hausa suka ɗauka, Tarayyar Ekklisiyoyin Kristi a Sudan. Maza sun koyi Hausar coci a makarantun horar da masu bishara. Mata, waɗanda kaɗan ne suka samu wannan dama, a zumunta suka koya: ajin karatu, haddar ayoyi, da waƙoƙin da su da kansu suke tsarawa da amshi irin na dandali. Duk mai rubuta tarihin yaɗuwar Hausa a Arewa ta Tsakiya da ya tsaya kan fatake da sojoji da rediyo, ya bar wannan gefe a baya.

Saiwa ta biyu ta gida ce, kuma ita ta hana tsarin zama baƙo. Kalmar zumunta kanta daga hulɗar dangi aka ɗauko ta. Kuɗin mako-mako ya yi kama da adashi, gudummawar haihuwa da aure da rasuwa ta bi ƙa'idar biki, zane iri ɗaya kuwa anko ne. Shugabar ma uwa ake kiranta. Mai karatu Musulmi zai tuna da 'Yan Taru na Nana Asma'u, inda jaji ke jagorantar mata ana koyar da addini ta hanyar waƙa. Ba ɗayan ne ya haifi ɗayan ba, sai dai matsalar iri ɗaya ce: yadda ilimi zai isa ga matar da aikin gida ya tsare.

Abin da bai sauya ba tun 1803 shi ne rabon iko. Zumunta ke dafa abincin manyan taruka, ita ke jinya da zaman makoki, ita ke tallafa wa masu bishara a ƙauyuka, amma manyan kujerun da ake yanke hukunci galibi na maza ne. Nauyin da take ɗauka ya fi fitowa a lokacin masifa. Bayan sace 'yan matan Chibok a Afrilun 2014, waɗanda yawancinsu 'ya'yan cocin EYN ne, da kuma faɗawar hedikwatar cocin a Kwarhi hannun Boko Haram a Oktoban shekarar, mawaƙan Zumuntar Matan EYN ne suka zagaya Amurka a 2015 suna bayyana halin da jama'arsu ke ciki.

Metodis na Muri sun samu bishop nasu na farko, Done Peter Dabale, a 1992. A 2024 cocin ya rabu biyu bayan babban taron Charlotte ya sauya matsayin ɗarikar kan auren jinsi: Bishop John Wesley Yohanna ya koma ɓangaren Global Methodist, waɗanda suka tsaya kuma suka samu Ande Emmanuel a matsayin bishop. Gardamar ta kai ga gine-gine da kadarori, kuma ta bi ta tsakiyar ikilisiyoyin ƙauyuka, inda matan da suka shekara da shekaru suna zuba kuɗi a asusu ɗaya suka sami mazajensu a ɓangarori biyu.