Gara Ba Iri Ɗaya Ba Ce: San Wadda Ke Cin Gidanka Kafin Ka Sayi Magani

Daminar bara, rumfar da Baba ke ajiye harawa da dusar shanu a gidanmu na Jikwoyi ta rufto. Gara ta cinye katakon ta ciki, saura ɓawo. Akwai wani ƙaton suri a filin bayanmu, sai muka far masa da diga, muka yi masa ɓarin magani. Bayan wata biyu, sai ga gara a sabon katako. Da muka tona gindin ginshiƙi, ashe mai laifin a ƙarƙashin ƙasa take zaune, ba ta da suri ma. Asarar nan ce ta sa na bi diddigin wannan halitta.

Danginta

Da yawanmu mun ɗauka gara 'yar'uwar tururuwa ce. Ba haka ba ne. Binciken ƙwayoyin gado da masana a Landan suka fitar a 2007 ya nuna cewa dangin kyankyaso ce. An san kusan iri 3,000 a duniya, galibinsu a ƙasashe masu zafi, kuma Afirka ce kan gaba wajen yawan ire-irenta. Kaɗan ne daga ciki ke ɓarna.

Tsarin gidanta

Da farkon damina shinge ke fitowa, wanda yara ke tarawa a gindin fitila a soya. Su ne masu aure. Namiji da mace kan zubar da fukafukai, su shige ƙasa, su zama sarki da sarauniya. Sarauniyar babban suri takan kumbura ta fi yatsa tsawo, ba ta iya tafiya, tana zuba dubban ƙwai kullum. Ma'aikata ke gini da neman abinci, sojoji kuma, irin su zago mai ƙaton kai da cizo, su ke gadi. A wajen tururuwa ma'aikata duk mata ne, amma a wajen gara akwai maza akwai mata.

Manyan rukunoni

1. Masu noma. Su ne masu dogon surin nan da ke wuce tsayin mutum, wanda ake gani a hanyar Karshi. Suna tauna itace da ciyawa, su jera a ɗakuna, wani naman gwari ya tsiro a kai ya narkar musu. Daga nan ne wata laimar kwaɗi da ake ci ke fitowa da damina. A Afirka da Asiya kaɗai ake samunsu. Wasu ƙananan danginsu ba sa gina suri, su ne ke shiga saiwar gyaɗa da masara.

2. Masu yankan ciyawa. Surinsu gajere ne, sojansu na da kai mai tsini, yana fesa ruwa mai danƙo maimakon cizo. Suna tara ciyawa a gida, wato kishiyoyin shanu ne a makiyaya.

3. Masu cin ƙasa. Wasunsu na gina ɗan suri mai hula kamar lema. Ba ruwansu da katakonka.

4. Masu zama cikin busasshen katako. 'Yan'uwa na Legas da Fatakwal, ku lura da wannan. Ba ta buƙatar taɓa ƙasa. Cikin kujera, ƙofa ko katakon rufi take rayuwarta, alamarta ita ce ɗan gari mai kama da yashi da ke zubowa. Zuba magani a ƙasa ba ya taɓa ta, sai dai a yi wa katakon kansa magani ko a sauya shi.

Amfaninta

Ramukanta na buɗe ƙasa ruwa ya shiga. A yankin Tawa ta Nijar, manoma na haƙa ramukan da suke kira tassa, su zuba taki, gara ta zo ta huda fako, gero ya yi kyau. Masu kaji kuma sun san darajarta ga 'yan tsaki. Malamai ma kan tuna mana yadda ta ci sandar Annabi Sulaimanu, kamar yadda ya zo a Suratu Saba'i.

Abin yi

Jama'a, kafin ku fitar da kuɗi, ku duba alama. In ka ga hanyar laka ta hau bango, daga ƙasa take zuwa: bi hanyar har tushe, gyara famfon da ke yoyo, domin danshi take bi. Kada katako ko buhu ya zauna a ƙasa kai tsaye, ɗora shi kan bulo, ka bar rata tsakaninsa da bango yadda ido zai riƙa kaiwa. Haka muka yi wa sabuwar rumfar Baba, ginshiƙan ƙarfe, harawa a kan dandamali. Duk ranar Juma'a nakan zagaya in leƙa gindinsu, kuma zuwa yau ban ga laka ba. Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu, amin.