Zoben Kaka da Tsakiyarta

A gidaje da yawa a nan Chanchaga akwai tsohon zoben azurfa ko jar tsakiya da kaka ta bari a ƙasan akwati. Kafin dillali ya saye su a kuɗin goro, bari mu san inda suka fito.

Tsakiya dutse ce. Ɗaruruwan shekaru ana sassaƙa ta a Khambhat, a ƙasar Indiya, fatake da alhazai suna kawo ta Kano ta hanyar Masar da Sahara. A ƙarni na 19 garin Idar-Oberstein na Jamus ya shiga cinikin da dutsen Barazil. Nan kusa da mu kuwa, a Bida, masu sana'a suna goge duwatsun ado, Masaga kuma suna narka gilas su yi munduwa.

Azurfar fa? Sau da yawa maƙera sukan narkar da kuɗin Mariya Tarisa na Ostiriya su ƙera zobe. Sarauniyar ta mutu a 1780, amma aka ci gaba da buga kuɗin da wannan shekara a jikinsa.

Ga alamar tsohon aiki: an huda dutsen ta gefe biyu, ramin bai miƙe sosai ba, zare ya cinye bakinsa. Zoben kuma ya siranta inda yake gogar yatsa.

Saboda haka, 'yan'uwa, ku tambayi tsofaffi tun suna da rai: wa ya sa shi, a wane biki? In labarin ya ɓace, nauyin azurfa kaɗai zai rage wa jikokinmu.