Tarihin Renon Yaro da Iliminsa a Ƙasar Birnin Kudu da Gwaram

Abin da nake so mu duba a yau shi ne yadda mutanen ƙasar Birnin Kudu da Gwaram suka ɗauki ilimin yaro ƙarami, tun daga yaye har ya kai shekara bakwai, da kuma abin da ya sami wannan ilimi bayan zuwan boko.

A shekarar 1955 Bernard Fagg, masanin kayan tarihi, ya yi bincike a duwatsun Birnin Kudu, inda ake da zanen shanu marasa tozo a Dutsen Mesa da Dutsen Habude, da kuma duwatsun da ke yin amo kamar ƙararrawa idan an buga su. Waɗannan alamu suna nuna mana cewa tun kafin alƙalami ya iso, mutanen wannan yanki sun san aikin ido da hannu da kunne.

Haka kuma tarbiyyar gargajiya take. Da dare yaro yana gindin kakarsa, tatsuniya da kacici-kacici suna gyara masa harshe, suna kaifafa masa tunani. A dandali langa da kokawa suna ƙarfafa jikin 'ya'ya maza, gaɗa kuwa tana koya wa 'yan mata waƙa da zaman tare. Da damina yaro yana bin ubansa gona, ko ya kora awaki kiwo. A makarantar allo ya fara da babbaƙu, ya wuce farfaru, yana koyon tsarki da ladabi tare da harafi. Watau jiki da harshe da hannu da zuciya, duk tare ake renonsu.

Da Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, ya haɗa karatu da sana'a. Amma sannu a hankali jarrabawa ta rinjayi kome, aka mai da hankali ga hadda da takardar shaida. A 1976 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta, yara suka cika azuzuwa. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta amince da ilimin share fagen firamare, ta ce a koyar da harshen uwa, sai dai ta bar wa masu zaman kansu kafa makarantun. To, wane ɗan kasuwa ne zai kafa irin wannan makaranta a ƙauyen Gwaram, inda iyaye ba su da kuɗin biya? Ɗan birni ya samu, ɗan ƙauye ya rasa. Sai a 2004, shekara 13 bayan kafa Jihar Jigawa, dokar ilimin bai-ɗaya ta shigar da renon ƙananan yara cikin tsarinta.

Jama'a, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ajin da ya zaunar da ɗan shekara huɗu yana maimaita baƙaƙen Turanci, ba wasa, ba tatsuniya, ba abinci a cikinsa, ya tauye shi tun kafin ya tashi. Wajibi ne hukumomin ilimi su horar da malaman ƙananan yara, su mai da Hausa da Fulatanci harshen aji, su shigo da wasa da aikin hannu. Kakanninmu sun yi haka ba tare da kasafin kuɗi ba, mu kuwa ba mu da hanzari.