Dokar da aka ƙi sau biyu kafin a sa mata hannu

Dokar Sauyin Yanayi ta Najeriya, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Nuwamban 2021, ta fi shekara goma tana kai-kawo tsakanin Majalisar Tarayya da fadar shugaban ƙasa. Sau biyu 'yan majalisa suna gama aikinsu, sau biyu takardar tana mutuwa a kan teburin shugaba. Wanda ya mayar da ita a karo na biyu shi ne ya karɓe ta a na uku, kuma dalilin da ya sa ya sauya ra'ayi cikin ƙasa da shekara uku shi ne abin da ake saɓani a kai har yau.

Matsalar da dokar ta zo magancewa ta girme ta nesa ba kusa ba. A ƙasar Kankiya da Kusada ta jihar Katsina, inda gero da dawa da wake da gyaɗa suke dogara ga damina guda, manomi kan yi binne tun ƙasa tana bushe, ya zuba iri ya rufe, ya zauna jiran sama. Idan ruwan farko ya sauka shuka ta tsiro, sannan aka yi mako biyu ko uku ba ɗigo, to ta ƙone ke nan, sai a sake neman iri, sau da yawa da bashi. Dattawan yankin ba su manta farin 1973 da na 1984 ba. Bayansu ne aka kawo shirin dashen itatuwa na Katsina a ƙarshen shekarun 1980 da tallafin Tarayyar Turai ta wancan zamani, aka yi ta raba dashen bedi da wasu itatuwa a ƙauyuka. Sai dai shiri ne mai wa'adi. Da kuɗin masu bayarwa ya ƙare, aikin ya yi sanyi. Masu neman a yi doka sun kafa hujja da irin wannan: shiri yana mutuwa da mai shi, doka kuwa tana ɗaure duk gwamnatin da ta zo.

Yunƙurin farko ya zo ne a majalisa ta shida, wadda ta fara zama a 2007, zamanin Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa. Eziuche Ubani, tsohon ɗan jarida daga jihar Abiya, wanda ya shugabanci kwamitin sauyin yanayi a Majalisar Wakilai, shi ne ya ja ragamar ƙudurin kafa hukumar sauyin yanayi ta ƙasa. Lokacin bai taimaka ba. A watan Disamban 2009, sa'ad da shugabannin duniya suka hallara a taron sauyin yanayi na Kopenhegen, 'Yar'aduwa yana kwance a asibiti a Saudiyya, Abuja kuma ta ruɗe da gardamar wane ne ke riƙe da mulki. Majalisun biyu sun amince da ƙudurin a 2010, aka aika wa Shugaba Goodluck Jonathan, wanda ya gaji 'Yar'aduwa, bai sa hannu ba, wa'adin majalisar ya ƙare a 2011, ƙudurin ya bi ta.

A nan akwai wata ƙa'ida da ta yanke wa ƙudurori da yawa hanya. Sashe na 58 na kundin tsarin mulki ya ba shugaban ƙasa kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi, ya kuma ba majalisa ikon tsallake shi da kashi biyu cikin uku na kowane zaure. An taɓa yin haka a 2000, lokacin da aka tsallake Olusegun Obasanjo aka kafa hukumar raya yankin Neja Delta. To amma wannan magana ce ta man fetur da kason kuɗi, tana da masu tsaya mata tsayin daka. Ƙudurin yanayi bai taɓa samun irin wannan gata ba. Jonathan dai, dab da saukarsa a 2015, ya sa hannu a kan dokar kafa hukumar da ke kula da babban shingen itatuwa na tare hamada, wadda aikinta ya shafi jihohi 11 na bakin Sahara, Katsina na ciki.

Mutumin da sunansa ya fi manne wa dokar shi ne Sam Onuigbo, ɗan majalisa mai wakiltar Ikwuano da Umuahia a lokacin, shi ma daga Abiya. Abin lura ne cewa duka jagororin biyu daga ƙasar zaizaya suka fito, inda kwazazzabo ke cinye gidaje da tituna, ba daga jihohin da hamada ke ci ba. Onuigbo ya shiga majalisa a 2015 a tutar PDP, ya karɓi kwamitin sauyin yanayi, ya shigar da sabon ƙuduri. Alamu duk sun nuna za a dace a wannan karo. Buhari ɗan Daura ne, ya san rairayi, ya kuma sha kukan ƙafewar tafkin Chadi a tarukan duniya. Ya naɗa Amina Mohammed ministar muhalli, ya sa hannu a yarjejeniyar Paris ta sauyin yanayi a 2016, Najeriya ta tabbatar da ita a 2017. A watan Yulin 2018 ambaliya ta auka wa Jibiya cikin dare, ta kashe mutum fiye da 40, a jihar shugaban kansa.

Duk da haka, a farkon 2019 wasiƙar ƙin amincewa ta iso majalisa. Hujjar da fadar shugaban ƙasa ta bayar ita ce ƙudurin yana maimaita aikin da Ma'aikatar Muhalli ke yi, kuma kafa sabuwar majalisar kula da yanayi ƙarin hukumomi ne da ƙarin kashe kuɗi alhali akwai masu yin aikin.

Daga nan labarin ya rabu biyu. Masu ɗaukar wasiƙar a yadda take suna cewa ƙudurin ne ke da aibi. A majalisa ta tara Onuigbo ya zauna da jami'an ma'aikatun Muhalli da Shari'a, aka bi sashe-sashe aka gyara, aka fayyace aikin kowa, shi ya sa da aka koma babu abin ƙi. Wannan bayani yana da ƙanshin gaskiya, domin zaman ya auku kuma an yi gyaran. Sai dai yana da rami babba. Majalisar kula da yanayi da aka ce tana da tsada a 2019 ita ce ƙashin bayan dokar da aka sa wa hannu a 2021, ba ta ragu ba, ƙaruwa ma ta yi da martaba: shugaban ƙasa ne shugabanta, mataimakinsa ne mataimaki, ga ministoci jere, ga sakatariya mai babban darakta. In tsada ce ta hana, da ta sake hanawa.

Bayani na biyu ya fi zama a zuciya, shi ne na siyasa. Majalisa ta takwas ta Bukola Saraki da Yakubu Dogara ce, waɗanda suka hau kujerunsu ba da son jam'iyyarsu ba, suka kuma fice zuwa PDP a 2018. Tsakaninsu da fadar shugaban ƙasa babu ga maciji, kuma ƙudurori masu yawa sun dawo ba sa hannu a wannan lokaci, har da na gyaran dokar zaɓe. Ƙudurin ɗan adawa daga majalisar da ake gaba da ita, ana tsakar zaɓe, ba shi da wanda zai yi masa magana a ciki. Zuwa 2021 komai ya juya. Ahmad Lawan da Femi Gbajabiamila ne ke riƙe da zaurukan biyu, mutanen fada ne. Onuigbo kansa ya koma APC a ƙarshen 2020. Sannan ga taron sauyin yanayi na Gilasgo yana tafe, inda ƙasar da ke neman kuɗin tallafi take bukatar abin nunawa a hannu.

Jerin kwanakin ya isa shaida. Majalisar Wakilai ta amince a watan Yuli, ta Dattawa ta bi a Oktoba, makonni kaɗan kafin taron. Ranar 2 ga Nuwamba Buhari ya tsaya a Gilasgo ya yi alkawarin cewa zuwa 2060 hayaƙin da Najeriya ke fitarwa ba zai wuce wanda dazuzzukanta da sauran hanyoyi ke iya shanyewa ba. Bai cika mako uku da wannan jawabi ba ya sa hannu. Ita dokar ma ta bar ƙofa a buɗe, ta ce tsakanin 2050 da 2070.

Mazaɓar Kankiya, Kusada da Ingawa tana da mutum a kowane zaure a wannan lokaci: Ahmad Babba Kaita, ɗan Kankiya, yana sanatan Katsina ta Arewa tun zaɓen cike gurbi na 2018, Abubakar Yahaya Kusada kuma, tsohon kakakin majalisar jiha, ya gaje shi a Majalisar Wakilai. Amma abin da ya tayar da jijiyar wuya a zaurukan a wannan shekara wata doka ce daban, ta masana'antar man fetur. A kanta aka yi ta cacar baki tsakanin Kudu da Arewa: kashi 3 na al'ummomin da ake haƙo mai a ƙasarsu, da kashi 30 na wani ɓangaren ribar kamfanin NNPC domin laluben mai a sababbin wurare, akasarinsu a Arewa. Buhari ya sa mata hannu ranar 16 ga Agusta. Wato cikin wata uku majalisa ɗaya da shugaba ɗaya suka yi dokar faɗaɗa haƙar mai da dokar rage hayaƙi, ta farko da hayaniya, ta biyu shiru kamar malam ya ci shirwa. A Nuwamban 2022, shekara guda bayan Gilasgo, shugaban ya je Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, ya ƙaddamar da aikin mai.

A takarda dokar tana da haƙora. Ta umarci a ƙayyade adadin hayaƙin da ƙasa za ta fitar a kowane zango, a tsara shirin aiki duk shekara biyar, a kafa asusun sauyin yanayi, a duba hanyar sa harajin hayaƙi, kamfanoni masu ma'aikata 50 ko fiye kuma su riƙa ba da rahoto. Abin da ba ta taɓa ba shi ne ƙasa. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamnoni, gandun daji da burtali kuma lamarin jiha ne da ƙaramar hukuma da hakimi. Gawon da ke tsakiyar gona a Kusada, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya kuma ciyar da tumaki da 'ya'yansa da rani, ba wata majalisa a Abuja ce ke hana a sare shi ba. Buhunan gawayi da ɗaurin itace da ake jerawa a bakin hanyar Kano zuwa Katsina farashin gas da kananzir ne ke tafiyar da su. Kuɗin da ya fi kusantar irin waɗannan gonaki ya biyo ta wata ƙofa ce, shirin ACReSAL na dala miliyan 700 da Bankin Duniya ya amince da shi a Disamban 2021 domin jihohin Arewa 19 da Abuja.

Bayan sa hannu tafiyar ta koma ta hawainiya. Dokar ta ba da shekara guda a fitar da shirin aiki na farko, amma sai a Yulin 2022 aka naɗa Salisu Dahiru babban darakta, aka ƙaddamar da majalisar kula da yanayi a ƙarshen Satumba, saura ƙasa da wata biyu wa'adin ya cika. A taron sauyin yanayi na Dubai a 2023 abin da 'yan ƙasa suka fi ji shi ne an yi wa mutum 1,411 rajista da sunan Najeriya, gwamnati ta ce 422 ta ɗauki nauyi. A 2024 Shugaba Bola Tinubu ya naɗa Ajuri Ngelale manzo na musamman kan yanayi, muƙamin da dokar ba ta ambata ba, ya sauka bayan 'yan watanni. A shekarar aka ba Nkiruka Maduekwe kujerar babban darakta, a 2025 kuma Omotenioye Majekodunmi ta karɓa, ta zama ta uku cikin shekara uku.