Utako Jiya Da Yau: Ƙasar Wa Muke Zaune A Kai?

Jama'a, duk baƙon da ya sauka a tashar Jabi ko ta Utako da asuba, ya tarar masu shayi sun hura wuta, 'yan dako na sauke buhunan albasa, 'yan ga-ruwa na tura kura, kowa Hausa yake yi, to zai ɗauka mu muka sari garin nan. Ba mu muka sare shi ba. Zuwa muka yi muka tarar da masu shi, kuma ya kamata 'ya'yanmu da aka haifa a nan su san yadda abin ya faro.

Utako ƙauyen Gbagyi ne tun asali, kamar maƙwabtansa Jabi da Mabushi. Mu dai bakinmu ya saba da cewa Gwari, amma su Gbagyi suke kiran kansu, kuma da yawansu ba sa jin daɗin wancan sunan, saboda yadda wasunmu suka mai da shi abin ba'a. Abin mamaki, tumatir da attaruhu da muke sayarwa a kasuwa har yau kayan gwari muke ce musu. Manoma ne na gaske, masu doya da dawa, matansu kuwa a kafaɗa suke ɗaukar kaya maimakon a ka.

Hulɗar Hausawa da ƙasar nan ta girmi birnin nesa ba kusa ba. A zamanin jihadi, farkon ƙarni na 19, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya baro Zariya da jama'arsa ya sauka a Zuba. Bayan an kashe shi a wajen Lapai a 1825, ƙanensa Abu Ja ya gaje shi, ya gina gari a 1828, aka kira garin da sunansa, wato Abuja. Mafi yawan ƙasar da birnin yau ya zauna a kai tana ƙarƙashin wannan masarauta ne, shi ya sa tun kafin zuwan Turawa Hausa ta zama harshen kasuwa a nan. Sai dai ba zaman zuma zalla aka yi ba. Akwai haraji, akwai hare-haren kamun bayi daga ko'ina, abin da ya sa ƙauyuka da dama suka maƙale a jikin duwatsu.

Sai aka zo 1975, Janar Murtala Muhammed, Allah Ya jiƙansa, ya kafa kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda don ya duba ko Legas za ta ci gaba da zama babban birni. Ranar 3 ga Fabrairu 1976 aka fitar da Doka ta 6, aka yanko fili mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 8,000 daga jihohin Neja da Filato da Kwara. Kwana 10 bayan haka aka kashe Murtala. Tsohon garin Abuja ya ba da sunansa ga sabon birni, shi kuma ya koma Suleja, don girmama Sarki Sulaimanu Barau. Niyyar farko ita ce a kwashe kowa da kowa a fitar da shi daga yankin, a biya shi diyya. Da gwamnatin Obasanjo ta ga kuɗin ya fi ƙarfinta, sai ta sauya shawara a 1978: wanda aiki ya iso kansa shi za a tayar. Mutanen Wuse aka kai su Sabon Wuse a jihar Neja. Utako kuwa, da yake tana cikin kashi na biyu na tsarin birnin, sai aka bar ta sai an zo kanta.

To, a wannan jiran ne muka shigo. Na farkonmu lebura ne da magina da masu gadi da suka biyo kamfanoni irin su Julius Berger da Dantata & Sawoe a shekarun 1980. A bayansu mahauta da masu tireda da wanzamai suka biyo, sai 'yan cirani da ke zuwa bayan kaka su koma gida in damina ta faɗi. Da Janar Babangida ya dawo da gwamnati Abuja ranar 12 ga Disamba 1991, jama'a ta ɓarke, gidaje suka yi ƙaranci, hayar Wuse da Garki ta fi ƙarfin talaka. Ina mai gadi zai kwana? Sai ƙauyen da ya fi kusa da wurin aikinsa. Gbagyi suka yi ta ƙara ɗakuna a bayan gidajensu suna ba mu haya, wasunmu kuma suka sayi ɗan fili a hannunsu da takardar yarjejeniya da sa hannun mai unguwa, suka kafa ɗakin ƙasa ko na langa-langa. Gonarsu ta tafi, haya ta zama amfanin gonarsu, mu kuma muka samu wurin sa haƙarƙari.

Abin da yawancinmu ba su gane ba a lokacin shi ne, takardar nan ba ta da daraja a idon hukuma. Dokar 1976, da kuma sashe na 297 na tsarin mulkin 1999, sun ce duk ƙasar Abuja ta Gwamnatin Tarayya ce. Minista kaɗai ke ba da fili. Wannan ta fito fili ƙarara tsakanin 2003 da 2007, zamanin ministancin Malam Nasiru El-Rufa'i, lokacin da aka shiga rusau gadan-gadan. An baje Idu da Karmo a 2006, a watan Oktoba na shekarar kuma aka hana acaɓa a cikin gari, sana'ar da samarinmu da dama suka dogara da ita. A tsarin hukuma, ɗan asalin wuri shi ke da haƙƙin a sake masa matsuguni. An ware wa mutanen Utako da Jabi da wasu ƙauyuka wuri a Shere-Galuwyi, ƙaramar hukumar Bwari, har an gina gidaje, amma ƙaurar ba ta tabbata ba a lokacin da aka ɗiba mata. Baƙo kuwa, ko shekara 20 ya yi a ɗakinsa, babu sunansa a wannan lissafi.

Ana cikin haka birni ya zo ya kewaye ƙauyen. Titin Obafemi Awolowo ya ratsa unguwar, ga babbar kasuwa, ga otal-otal, ga tashoshin manyan motocin da ke zuwa Kudu. Kamfanin Media Trust mai buga Daily Trust da Aminiya ma a Utako ya kafa hedikwatarsa. Daga ƙofar bene mai hawa biyar zuwa lungun da mai ruwa ke kokawa da kurarsa, tafiyar 'yan mintoci ce.

A wajen zaɓe ba mu da matsala: muna da ƙuri'a a ƙaramar hukumar AMAC, muna zaɓen sanata ɗaya da birnin ke da shi da ɗan majalisar wakilai, gwamna dai babu. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen takardar shaidar asali. Yaron da aka haifa a Utako, ya yi firamare a nan, ya iya gaisuwa da Gbagyi, in ya tashi neman shiga jami'a ko aikin ɗamara, sai uban ya sa shi a mota a tashar Jabi zuwa Katsina ko Kano ko Zamfara, ya je ƙauyen da bai taɓa kwana a ciki ba, ya nemi dagacin da zai shaida cewa shi ɗan can ne.