Gwajin jini bayan cizon kaska: abin da yake ganowa da abin da ke kuɓuce masa

Kaska guda na iya ɗauke da ƙwayoyin cuta fiye da iri ɗaya, ta zuba su duka a jinin mutum a cizo ɗaya. An fi nazarin wannan a arewa maso gabashin Amurka, inda kaska mai baƙaƙen ƙafafu ke yaɗa cutar Lyme, wadda ta ɗauko sunanta daga wani gari a jihar Konetikat bayan ɓullarta a can a 1975. Wannan kaska dai ita ce ke yaɗa babesiosis da anaplasmosis. Hukumar daƙile cututtuka ta ƙasar, CDC, ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 476,000 ake yi wa maganin Lyme a kowace shekara.

Babu gwaji guda da ke gano ukun. Na Lyme ba ƙwayar cutar yake nema ba, sinadaran kariya da jiki ya haɗa don yaƙarta yake nema, kuma hawa biyu ake yinsa, na biyu ya tabbatar da na farko. Jiki kan ɗauki makonni kafin ya samar da su, saboda haka wanda aka gwada a kwanakin farko na iya fitowa ba shi da cutar alhali yana ɗauke da ita. Shi ya sa likita kan fara magani da zarar ya ga jan tabon nan mai faɗaɗa a wurin cizon. Sinadaran kuma kan yi shekaru a jini bayan an warke, don haka samun su ba hujja ba ce cewa cutar tana nan.

Anaplasmosis kuwa gwajin PCR, mai neman ƙwayar halittar cutar, ya fi kama ta a makon farko, ba a kuma jiran sakamako kafin a ba da doxycycline.

Inda aka fi yin asara shi ne babesiosis. Ƙwayarta tana shiga jajayen ƙwayoyin jini, kuma doxycycline ba ya kashe ta. Atovaquone da azithromycin ake haɗawa. Majinyacin da aka tsaya a kan Lyme kaɗai sai ya ci gaba da zazzaɓi, jininsa na ƙarewa, musamman tsoho ko wanda aka cire wa saifa. Tana kuma bin ƙarin jini, abin da ya sa a 2019 hukumar FDA ta nemi a riƙa tantance jinin da aka bayar a jihohi 14 da birnin Washinton.

A ƙarƙashin madubin likita, wannan ƙwaya ta yi kama da ta zazzaɓin cizon sauro har ƙwararre ma na iya ruɗewa. Afirka ta Yamma na da nata irin ruɗanin: bincike a karkarar Sanagal ya nuna cewa wani zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, wanda kaskar ramukan ɓeraye ke yaɗawa, yakan shige a matsayin maleriya. Gwajin gaggawa na maleriya, wanda ƙananan asibitoci suka dogara da shi, ba ya gano shi.